Na Je Berlin Neman Abba

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A masallaci ranar Juma'a, a kasuwar Woolwich wajen masu kifi, har a asibitin da nake aikin jinya, duk wadda ta gan ni sai ta ja ni gefe ta rage murya: "Hadiza, kin gan shi? A wane hali kika same shi?" Wasu don tausayi suke tambaya, wasu kuwa na san abin kaiwa gaba suke nema. To, ga shi zan faɗa sau ɗaya, kowa ya ji daga bakina, ni ma in huta.

Ga wanda bai san mu ba, Abba ɗan yayana ne, Dokta Sani, kuma ɗansa na fari. Sunan mahaifinmu ya ci, shi ya sa ba mai kiran sunansa na yanka a gidan. A nan Landan aka haife shi. Yana jin Hausa tas, amma in ka yi masa magana da ita, da Turanci zai mayar maka. Karatun haɗa magunguna yake yi a wata kwaleji a Bloomsbury, har ya yi nisa, sai ya tsiri zuwa wani ɗan ɗakin kallo kusa da makarantarsu inda ake nuna tsofaffin finafinan Jamus. Finafinan samari ne masu taurin kai, waɗanda suka bar gidajen iyayensu suka tare a kangwaye, suna kiɗa mai hayaniya, suna wasan ɓuya da 'yan sanda. A can ya haɗu da wani Bajamushe mai suna Yonas, suka ƙulla abota. Wata rana Abba ya ce wa ubansa zai jingine karatu na shekara guda, ya bi Yonas Berlin su yi fim. Yaya ya ce in ya sa ƙafa ya fita, kada ya sake tako masa gida. Abba ya saɓi jakarsa ya fita.

Da farko yana kiran uwarsa, Anti Rabi, suna ganin juna ta waya. Kwatsam sai kiran ya ɗauke. Sai dai gajeren saƙo: lafiya lau nake. In ta kira ba ya ɗauka. Ana cikin haka wata ta turo mata hoto, wai 'yarta ce ta gani a intanet. Ga Abba nan a wani ɗaki mai duhu, ya rame, idanunsa sun faɗa, kewaye da shi mutane masu koren gashi da ƙarafa a hanci. Kafin mako ya zagayo, magana ta cika gari cewa ɗan Dokta ya faɗa shan ƙwaya. Anti Rabi ta daina cin abinci. Yaya kuwa ya ce kada wanda ya sake yi masa zancen. Ni ce na ce zan je in gano da idona.

Na yi booking ɗin jirgin sama, ana gobe tafiya aka yi cancel, aka soke tashin. Hutun da na ɗauka a wurin aiki ba mai yawa ba ne, ba zan iya jiran wani jirgin ba, don haka na sayi tikitin babbar motar fasinja daga tashar Victoria. Anti Rabi ta je Old Kent Road, titin da mutanenmu ke sayar da kayan abincin gida, ta ciko jaka da kilishi, da dambun nama, da yaji, da garin kunu. Tana miƙo min jakar tana kuka, tana cewa, "Ko bai yarda ya gan ki ba, ki ajiye masa a ƙofa."

A mota Allah ya haɗa ni da wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi, Hajiya Memuna. Tana jin na amsa waya da Hausa ta dafa ni, ta ce, "Kai Bahaushe ne? Alhamdu lillahi! Ni zan tafi Jamus, ɗiyana ya haifu, zan je in wanke shi." Na shiga lissafin yadda namiji zai haihu, sai daga baya na gane Hausarsu ce haka, mace da namiji duk "shi" ne. Kafin mu kai bakin teku na san sunan kowa a gidanta, ita ma ta tatsi labarin Abba daga bakina ban ankara ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Yaro ne. Nawa ya yi wanda ya fi wannan, yanzu shi ke jan salla a masallacin unguwa."

A Dover, can bakin tekun, ake duba fasfo, tun kafin a shiga jirgin ruwa. Aka sauke mu da kayanmu. Wani jami'i ya tambaye ni ko ina ɗauke da nama ko madara. Ni ban iya ƙarya a gaban mai kaki ba, na ce akwai. Ya buɗe jaka, ya ɗaga kilishin nan sama yana juya shi kamar ya tsinci tsohuwar fata. Ya ce ba a shiga Faransa da nama daga Ingila, sai dai a zuba a shara. Na ji kamar in zauna a ƙasa, don na tuna fuskar Anti Rabi. Sai Hajiya Memuna ta matso ta ce da shi da Turancinta na kasuwa, "Wanda ke cikin ciki fa, shi ma an hana?" Mutumin ya danne dariya, ya nuna mana gefe, ya ce mu yi sauri.

Nan muka tsaya muka buɗe walima. Na yayyaga kilishi ina miƙa wa duk wanda ke layi. Wasu samari Turawa masu manyan jakunkuna suka karɓa da murna, ɗaya ya cusa babban yanki a baki, nan take fuskarsa ta yi ja, ya kama tari yana neman ruwa, amma da ya farfaɗo sai ya sake miƙo hannu. Direba yana ta ɗaga mana hannu mu taho. Abin da ya rage na zuba a shara ina kau da kai. Yaji da garin kunu dai sun tsallake.

Jirgin ruwan bai yi min daɗi ba. Cikina ya dinga juyawa da kilishin da na ci a tsaye, alƙiblar da ke wayata ita ma tana juyawa, har na gaji na fuskanci inda zuciyata ta kwanta na yi salla a wani lungu. Da muka sauka Faransa mota ta miƙa, ta ratsa Beljiyam, ban ga wata iyaka ba balle shinge, sai dai rubutun allunan hanya ya sauya. A wani wurin hutawa na sayi ruwan gora don alwala, tunda bayan gidansu ba buta, kuma sai ka biya kafin ƙofar ta buɗe maka. Ina murɗa murfin sai ruwa ya yi tsartuwa ya wanke min fuska da mayafi. Ashe mai gas ne. Jamusawa da maƙwabtansu shi suke kira ruwan sha. Da shi na yi alwalar, yana ta ƙuna a hancina, Hajiya Memuna na tsaye tana dariya har da riƙe ciki. A wani gari kafin Berlin ta sauka don ta canza mota. Ta rungume ni ta ce, "In ka gan shi kada ka fara da faɗa. Ka fara da abinci."

Da hantsi muka shiga Berlin, ranar Lahadi. Masaukin da na kama na wata Baturkiya ce, Anti Zainab, a unguwar da Turkawa da Larabawa suka cika. In ba don harshe ba, sai ka rantse Old Kent Road ce. Sai dai duk kantuna a rufe suke ruf. Na tambaya ko rasuwa aka yi, ta ce a'a, Lahadi ce, doka ce. Mu a Landan Lahadi muke cefane, a Kano kuwa ko ranar Salla ba ka rasa mai tebur. Ta ba ni burodinsu baƙi, mai tsami, mai nauyi kamar bulo. Na ci don kunya. Allah ya taimake ni masu sayar da abinci suna buɗewa, na samu gurasar Turkawa da yankakken naman halal, wadda ta tuna min da gurasar bakin kasuwa a gida, sai dai ba ƙuli.

A hanyar dawowa na yi laifina na farko. Titi fayau ba mota ko ɗaya, fitila ta nuna ja, na tsallaka abina kamar yadda kowa ke yi a Woolwich. Wata tsohuwa ta ɗaga murya tana yi min faɗa, tana nuna jikanta da ke riƙe da hannunta. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane: ina lalata mata tarbiyya. Na ce a raina, ikon Allah, garin da ake tsayawa wa fitila ba mota, a nan ne kuma ɗanmu ya zo ya koyi rashin ji.

Na nuna wa Anti Zainab hoton Abba. Ta ƙura ido ga wani zane da ke bangon bayansa, ta ce ta san wurin, tsohuwar masana'anta ce, 'yan fim ne a ciki. Ta kwatanta min jirgin ƙasan da zan hau. Ban iya jira gobe ba, da azahar na kama hanya.

Gini ne na jan bulo, bango duk zane da rubuce-rubuce, tsakar gida cike da kekuna da tsofaffin kujeru. Na ƙwanƙwasa wata ƙofar ƙarfe. Wata yarinya ta buɗe, rabin kanta a aske, rabin kore shar, da zobe a leɓe. Ta dubi mayafina, ta dubi jakata, sai ta washe baki ta ce, "Gwago?"

Na kusa sakin jakar. Da Turanci ta ce sunanta Lina, kuma Abba ya daɗe da gaya musu cewa in har wani zai biyo shi daga gida, to Gwaggonsa ce. Ta karɓi kayana ta ja ni muka gangara wata matattakala zuwa ƙarƙashin ƙasa. Wurin na warin danshi da taba. Kujerun kallo ne jere, ba guda biyu masu kama da juna, ga farin ƙyalle an shimfiɗa a bango. A layin gaba na hango ƙeyar da na sani tun ranar suna.

Ya juyo. Hannunsa na hagu a naɗe yake cikin filasta tun daga kafaɗa har yatsu, an rataye shi a wuya.

"Gwaggo," ya ce, ya yunƙura zai durƙusa.

Na kama fuskarsa na juya ta wajen fitila, na buɗe idanunsa na duba. Na naɗe hannun rigarsa na dama ina bin jijiyoyin da yatsa, kamar mai duba lafiyar hannun. Shekarun da na yi a asibiti sun koya min abin da ake nema a jikin mai shaye-shaye. Ya bar ni na gama, sannan ya ce da Turanci a hankali, "Duba da kyau, Gwaggo. Ba na shan komai. Faɗowa na yi daga tsani."

Ba komai a jikinsa. Idanunsa garau. Na zauna a wata kujera mai karyayyen hannu na yi kukan da na riƙe tun daga Landan. Da na gama na ɗaga hannu na ɗaka masa duka a kafaɗar da ke da lafiya.

"Don ubanka, karaya ce za ka ɓoye? Uwarka ta kusa mutuwa!"

Ya sunkuyar da kai. Wai yana ɗaura ƙyallen nan ne tsani ya zame. Ƙashi ya karye gida biyu, sai da aka yi masa aiki aka sa ƙarfe. Ya san in uwarsa ta gani a waya ubansa zai ji, kuma ba ya son a ce ga abin da aka gaya masa. Hoton da ya tayar mana da hankali kuwa, ranar da aka sallamo shi aka ɗauka, ana yi masa barka.

Kwanakin da na yi a can, kullum ina gidan. Ba zan yi muku ƙarya in ce masallaci na tarar ba. Suna shan giya, suna busa taba, maza da mata a gida ɗaya, kiɗansu kuwa kamar ana rushe gini. Amma ga abin da idona ya gani. Yonas, dogon yaro mai huda a gira, shi ya yi ta kwana a kujerar asibiti har aka sallami Abba. Shi ke zuba masa ruwa in zai yi alwala, har ya san a wanke ƙafar dama kafin ta hagu. A kicin akwai tukunya da kasko da aka ɗaura wa jan zare, na Abba ne, ba a sa musu naman alade, kuma na ga Lina ta fatattaki wani baƙo da ya ɗauka zai soya abu a ciki. Gidan ba shugaba. Komai sai an zauna an ɗaga hannu, har wanda zai wanke kwanuka. Ya yi min kama da gidan kakanmu mai sassa da yawa, sai dai an cire maigida. Da na ce zan yi musu girki, sai da suka yi taro a kai. Ba wanda ya ƙi. Na yi dafa-duka da yajin Anti Rabi, suka ci suna hawaye suna ƙari.

Ranar Talata da la'asar aka yi kallo. Abba ya ce lallai in zauna, don a kan fim ɗin da za a nuna suke nasu aikin. Wani tsoho ne ya ɗauke shi, Malam Dita, tun yana saurayi, lokacin da katanga ta raba garin biyu, shi yana ɓangaren gabas inda hukuma ba ta yarda a yi fim sai da izininta ba. Da ƙaramar kyamara suka yi shi a ɓoye, a ɓoye kuma suke nuna shi a ɗakunan abokai. Ba launi, hoton ma yana rawa. Samari ne da 'yan mata a kan rufin wani dogon gini, suna buga gwangwanaye, suna aske wa juna kai, suna dariya, can kuma sai a ga suna gudu. Ban gane labarin ba, in ma akwai. Amma fuskokin sun kama ni. Duk sa'o'in Abba ne, kuma kowannensu ɗan wata ne.

Da aka kunna fitila, Abba ya kai ni gaban tsohon. Siriri ne, da farin gashi har kafaɗa. Turancinsa kaɗan ne, don haka Abba ne ke fassara mana, ashe har ya fara jin Jamusanci. Na tambaye shi ina yaran nan suke yanzu. Ya shiga lissafa min: wannan ta tsallake katanga ba a sake jin ɗuriyarta ba, wannan ya rasu, wancan an ɗaure shi ya fito ba hankali. Sai ya nuna wani tsoho mai tumbi da ke bayan ɗaki yana naɗe fim a na'ura.

"Wancan shi ne mai buga gwangwani a fim ɗin. Shi ne kuma yake kai rahotonmu wurin hukuma. Sai bayan katanga ta faɗi na sani."

Na ce, "Kuma kuke tare?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Na yi shekaru ban yi masa magana ba. Sun tsorata shi ne, yaro ne a lokacin. Yanzu duk duniya ni da shi kaɗai muka san rufin nan. In na rabu da shi, da wa zan tuna?"

Na tambaye shi iyayensa fa, me suka ce da wannan rayuwa. Ya ce ubansa ma'aikacin gwamnati ne, ranar da aka fara kama shi Malam Ditan, uban ya kore shi daga gida. Sai ya ƙara wata magana, Abba ya buɗe baki zai fassara ya tsaya. Na ce, "Me ya ce?"

Abba ya fassara: "Ya ce shi yana jira uban ya neme shi, uban yana jira shi ya nema. Suna cikin jiran aka aiko masa ya zo jana'iza."

Muka yi wa tsohon sallama.

Da muka fito tsakar gida, Abba ya zauna kusa da ni a kan wani benci. Sai na ji abin da ban ji daga bakinsa ba tun yana ƙarami, Hausa, tana tuntuɓe amma Hausa ce.

"Gwaggo, Baba yana tambayata?"

Na ce, "Bai ambaci sunanka ba. Amma da ma can ai ba ya ambata."

Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ya goge ido da hannunsa mai lafiya. Ya gaya min bai bar makaranta ba, izini ya nema aka ba shi, gurbinsa na nan. Fim ɗin tsofaffin nan biyu yake so ya ga ƙarshensa, don in suka mutu ba mai ba da labarin. Na ce wannan tsakaninsa da ubansa ne, ni abu ɗaya na zo da shi: yanzu-yanzu zai kira uwarsa, ta ga fuskarsa, ta ga hannun. Na danna kiran a wayata na miƙa masa. Anti Rabi ta ƙwalla salati, ta yi kuka, ta zage shi tas, sannan ta ce a nuna mata wanda ke zuba masa ruwan alwala. Yonas ya leƙo da hudar girarsa yana ɗaga hannu. Ta yi ta sa masa albarka da Hausa, shi kuma yana ta gyaɗa kai yana cewa amin, don Abba ya koya masa.

A jirgin sama na dawo, ban ƙara marmarin teku ba. Ban ko biya ta gida ba, na zarce wurin Yaya. Na same shi a falo da jarida, Anti Rabi ta kawo shayi ta tsaya a bakin ƙofa. Na gaishe shi, ya amsa, bai tambaye ni daga ina nake ba. Ni ma ban jira ba, na zayyana masa komai, tun daga tsani har tsofaffin nan biyu. Bai ɗago daga jaridar ba, amma ban ga ya juya shafi ba. Da na gama, sai ya jefo tambaya.

"Wane hannun ne?"

"Na hagu, Yaya."

"Sama da gwiwar hannu ko ƙasa?"

"Duka biyun. Sun sa ƙarfe."

Ya ninke jaridar ya ajiye. "Yatsun suna motsi?"

Na ce suna motsi, na duba da kaina. Ya yi tsaki, ya ce mu ma'aikatan jinya komai a wurinmu lafiya lau ne. Sai ya juya wajen ƙofa.

"Rabi, miƙo min wayata. Ba hira zan yi da shi ba. Hoton ƙashin nake so ya turo min in gani."

Ta kawo da sauri har tana tuntuɓe. Ya shiga ɗaki ya turo ƙofa, amma ba ta rufu duka ba. Muka zauna ni da Anti Rabi, muna jin muryarsa ƙasa-ƙasa, can sai shiru, can kuma sai muryar ta dawo. Shayinsa ya huce a kan tebur. Har na sha nawa, na yi sallar magariba, na sa takalmina na fito, suna magana, kuma ban ji an ambaci ƙashi ba.